Shafin Ƙarshe

Tafkin Päijänne ya rufe bakinsa tun Disamba,
rana kan leƙo kamar mai bin bashi, ta juya.
Ni ina shagon Baba, bayan ɗakin sauna,
gabana akwatinsa da tsatsa ta cinye wa kunne,
da kifayen katako goma sha ɗaya
waɗanda rabonsu da ruwa tun rasuwarsa.

Na goge su da samfefa har yatsuna suka yi sulɓi.
Na mayar wa wannan koren bayansa,
wancan jan maƙogwaro,
na ɗiga musu ido da kan ƙusa, yadda yake yi.
Amma fenti kwalliya ce,
kwalliya kuwa ba ta san haƙorin hauki ba,
kifin nan mai baki kamar zarto.
Saura rigar da ba a gani,
wadda za ta shiga tsakaninsu da ruwa.

Reijo mai kanti a Sysmä ya ce ƙaro mai haɗi biyu.
"Auna daidai, gauraya a hankali,
in ya bushe ko guduma sai ta yi sallama."
Na gwada a kan guda.
Ya fito yana ƙyalli kamar alewa a bakin yaro,
na ja shi a bahon wanka,
sai ya taho sandare, ba rausaya ba girgiza,
kamar mai kuɗin da riga ta yi wa nauyi.
Wane kifi zai bi gawa?

Hilkka maƙwabciyata ta kawo kwalba da 'yar fitila shuɗiya.
"Shafa, haska, kafin shayinki ya huce an gama."
Haka ne, ya gama.
Sai dai abin da ya bushe da gaggawa
ina tsoron da gaggawa zai yi ɓawo.
Na yi godiya, na ajiye ta kusa da taga
inda babu ranar da za ta taɓa ta sai bazara.

Can ƙasan kanta, bayan gwangwanin ƙusoshi,
na tarar da banish ɗin kwalekwale,
murfin ya kafe, sai da na sa wuƙa.
A jikin takardar, da fensir, rubutun Baba:
siriri, sau bakwai, kwana ɗaya tsakani.
Ban da wannan bai bar mini wasiyya ba.
An ce yana yin rawaya in shekaru sun tura.
To, wa ya tsufa da launin da aka haife shi?

Na tsoma na farko da kai, na ɗaga,
na rataye shi da wutsiya a waya,
ɗigon ƙarshe ya taru a hancinsa yana shawara,
na ɗauke shi da bakin takarda.
Ƙura ce abokiyar gaba, har numfashi na rage.
Kyanwa ta yi kuka a ƙofa, na hana ta.

Na goma sha ɗaya ban yi masa fenti ba.
Shi ne mai tabo uku a kwiɓi,
na ranar da igiya ta yanki tafin Baba
ya yi ta dariya jini na zuba a gwiwarsa.
Kusa da ƙugiyar baya, cikin tsohon shafi,
akwai zanen babban yatsansa,
ranar da ya kasa haƙuri ya taɓa kafin ya bushe.
Wannan na rufe shi yadda yake.
Riga ta gari ba ta ɓoye mai ita.

Yau shafi na huɗu.
Suna reto a waya, warinsu ya cika shagon,
kowanne da ɗan hasken fitila a gadon baya.
Ƙanƙara sai Mayu za ta saki tafkin.
Hauki na ƙasa yana wasa haƙori,
ni ina nan ina ƙirga kwana,
saura uku.